Kurakuran da sababbin zuwa Ingila ba sa gajiya da maimaitawa

Duk wanda ya tashi daga Abuja ko Jos zai tafi Ingila karatu ko aikin jinya, yakan kwashe watanni yana fama da biza, da kuɗin jirgi, da neman jaket a kasuwar Wuse ko Taminus. Abin da ba ya tambaya shi ne yadda ake zaman yau da gobe a can. Kuma abin takaici, yawancin abubuwan da ke jefa mutanenmu cikin matsala halaye ne da a gida ake yabon mutum a kansu: kunya, kara, zumunci da tsafta.

Mu fara daga akwati. Kilishi, dambun nama, man shanu da duk wani abu na nama ko madara, doka ta hana shiga da su daga Najeriya, ko Hajiya ce ta haɗa da hannunta. Kwastan za su ƙwace. Busasshen kifi an yarda da shi har kilo 20, zuma kilo 2. Saƙon da wani ya miƙo maka a filin jirgi kuwa, in ba ka buɗe ka gani da idonka ba, kada ka karɓa, ko wane ne ya aiko.

Wannan ya kawo mu kan babban kuskure na farko, wato rashin iya cewa a'a. Za ka sauka, ka buɗe asusun banki, sai wani ɗan gida da kuka haɗu a masallaci ya ce, “Malam, don Allah za a turo min kuɗi ta asusunka, nawa ya ɗan samu matsala.” Kai kuma ka ji nauyinsa, ka ba shi lamba. To ka sani, banki bai san kara ba. Idan kuɗin na damfara ne, sunanka ne a kan asusun, kai ne ka karɓa, kai ne ka tura gaba. Za su rufe asusun, kuma suna iya sa sunanka a rajistar masu zamba da bankunan ƙasar ke dubawa, inda zai zauna har shekara 6. A tsawon wannan lokaci buɗe wani asusun ko karɓar layin waya na kwantiragi sai ya zama jidali. Ta ina albashinka zai shigo? “Wallahi ban sani ba, taimako na yi” ba ta fitar da kowa. Amsar da nake ba mutane shawara su haddace tun daga gida gajeriya ce: “Ka yi haƙuri, ba na ba da asusuna.” Kada ka ƙara bayani, don bayani ƙofar roƙo yake buɗewa. In ya yi fushi, ya daɗe bai yi ba.

Kuskure na biyu ya fi wannan ciwo, kuma shi ne na yara. A Anguwan Rogo ko Gwarimpa, uwa za ta leƙa kasuwa ta bar yara, ta san maƙwabciya na jin motsinsu, domin ɗa na kowa ne. A can maƙwabciyar da ta ji kukan yaro shi kaɗai a gida waya za ta ɗauka, kuma a ganinta alheri ta yi. Dokar Ingila ba ta yanke shekarun da za a iya barin yaro shi kaɗai ba, amma laifi ne a bar shi cikin halin da zai iya cutuwa. Ƙungiyar kare yara ta NSPCC na cewa kada a bar jariri ko ƙaramin yaro ko na ɗan lokaci, kuma 'yan ƙasa da shekara 12 ba su cika isa a bar su na dogon lokaci ba. Mata da miji masu aikin dare, ku zauna ku tsara jadawalin aikinku kafin ku sa hannu, ba bayan an ƙwanƙwasa muku ƙofa ba.

Sai duka. Sikotlan, maƙwabciyar Ingila a cikin Birtaniya, ta haramta dukan yara gaba ɗaya a 2020, ɗaya maƙwabciyar, Wels, ta bi a 2022. A Ingila kanta, dukan da ya bar shaida a jiki, ko aka yi shi da bulala, belt ko wayar caja, ya fita daga abin da doka ke ɗaga wa ƙafa. Malamar makaranta da ta ga tabo dole ne ta kai rahoto, aikinta ke nan. Haba jama'a, kun sayar da fili, kun bar dangi saboda makomar yaran nan, sannan ku sa jami'an kula da yara su shigo muku gida saboda tsumagiya? Kuma in sun zo, kada a yi musu tsawa, kada a ɓoye yaro, kada a koya masa ƙarya. Ku ba su haɗin kai, ku nemi tafinta in Turancin bai zauna ba, ku nemi lauya. Horo kuwa yana da hanyoyi: karɓe waya, hana fita wasa, rage kuɗin kashewa. Wani ƙaramin abu da ake mantawa: cire yaro daga makaranta a tsakiyar zango don a zo biki gida na iya jawo tarar fam 80 a kan kowane mahaifi, kowane yaro. Ranar Sallah ana ba da izini, amma a rubuta wa makaranta tun da wuri.

Banɗaki ma yana cin kuɗin mutane. Yawancin gidajen can ba su da rariya a ƙasan banɗaki, kuma katako ne a ƙarƙashin ledar ko tayil ɗin. Ruwan buta da na alwala da ake bari yana kwanciya, sannu a hankali yake tsatsafowa ta silin na ƙasa. Kuɗin ajiyar da ka ba mai gida, wanda kan kai hayar mako 5, daga nan za a cire gyaran. Ka wanke ƙafa a cikin bahon wanka, ka ajiye tawul ɗaya na goge ƙasa kawai. Ranar da ka shiga gida kuma, ka ɗauki hoton kowane bango da kowane tabo. Idan sanyi ya shigo, kada ka kulle tagogi ruf kana shanya a ɗaki. Danshi ne ke haifar da baƙar fumfunar nan a bango. Buɗe taga minti 10 zuwa 15 kowace safiya ya isa. Turaren wuta yana tayar da na'urar gano hayaƙi. Masu ɗaure ta da leda ko safa, ku ji tsoron Allah, ranku ne da na maƙwabta. A koma turaren fesawa ko humra.

Mutanen Jos su daina cewa sun san sanyi. Na can da duhu yake zuwa: a Disamba rana na faɗuwa a Landan kafin ƙarfe 4 na yamma. Hukumar lafiya ta NHS na ba masu baƙar fata shawarar shan bitamin D, maikurogiram 10 kullum, duk shekara. Ka yi rajista da likitan unguwa a makon farko, kyauta ne, kada ka jira sai ciwo ya kwantar da kai. Ba a sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta, wato antibayotik, a kemis kai tsaye ba tare da ma'aikacin lafiya ya duba ka ba. Lambar gaggawa 999 ce, ta neman shawarar lafiya 111.

Sauran ƙanana ne. Ƙarfe 9 na nufin ƙarfe 9, ba “gani nan tafe” ba. Sunkuyar da kai gaban shugaban aiki ladabi ne a wurinmu, a wurinsu alamar ɓoye wani abu ce, don haka ka dube shi in yana magana. Idan ba ka musabaha da mata, ko ba kya yi da maza, a ɗora hannu a ƙirji da murmushi tun kafin a miƙo hannu. Ba a zuwa gidan mutum babu sanarwa. Hirar waya da 'yan gida da babbar murya bayan 11 na dare tana jawo ƙorafi. Layya a mayanka mai lasisi ake yin ta, ba a bayan gida ba. Ɗalibin digiri awa 20 kacal aka yarda ya yi aiki a mako lokacin karatu, kuma ba a yarda ya yi sana'ar kansa ba, har da kitso, lalle da sayar da abinci daga gida.

Lokutan salla kuwa suna tafiya da yanayi. A tsakiyar hunturu Azahar, La'asar da Magariba duk suna faɗowa tsakanin 12 na rana da 4 na yamma, wato cikin lokacin aiki. Kada ka riƙa sulalewa a ɓoye. Ka gaya wa shugabanka tun makon farko cewa kana son raba hutunka gida biyu ko uku, minti 10 kowanne, ka kuma tambayi inda ɗakin ibada yake, don yawancin jami'o'i da manyan asibitoci suna da shi. Agogonsu ma yana sauyawa: daga Lahadin ƙarshe ta Maris lokacinsu ɗaya ne da na Najeriya, daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba kuma muna gabansu da awa ɗaya.