Yadda Ake Zaɓa wa Karen Soja Kayan Kariya da Yadda Ake Amfani da Su

Kafin a saya wa karen soja rigar sulke, wajibi ne a fara tantance irin aikin da zai yi da yanayin wurin da zai yi shi, domin karnukan soja ba aiki ɗaya suke yi ba. Akwai karen samame, wanda ake turawa cikin gini ko rami gaban sojoji don ya kama mai bindiga, akwai kuma karen da aikinsa shi ne sansano nakiyoyi da abubuwan fashewa, wanda yakan yini yana tafiya a rana hancinsa a ƙasa. Na farkon yana bukatar sulke na ɗan gajeren lokaci, na biyun kuwa sau da yawa sulken yakan cutar da shi fiye da yadda zai amfane shi.

Mataki na gaba shi ne a san iyakar abin da rigar za ta iya tsarewa. Yawancin rigunan karnuka ana yin su ne da zare mai ƙarfi irin Kevlar, kuma ana auna su da mizanin NIJ, hukumar Amurka da ke tsara ma'aunin ƙarfin sulke, galibi a mataki na II ko IIIA. Irin wannan riga tana tare harsashin ƙaramar bindiga da ɓarɓashin ƙarfen da fashewa ke watsawa, amma harsashin AK-47 yana ratsa ta, kuma ba kowace ce ke hana sukar wuƙa ba, sai wadda aka yi musamman domin haka. Sannan ƙirji da haƙarƙari da baya kawai take rufewa. Kuno, karen sojojin Birtaniya, a ƙafafun baya aka harbe shi a Afganistan a 2019. Lucca, karyar rundunar Marines ta Amurka, ƙafarta ta gaba ta rasa a fashewar bam a 2012. Conan kuwa, karen sojojin Amurka wanda ya bi shugaban ƙungiyar IS Abubakar al-Baghdadi cikin rami a Siriya a watan Oktoban 2019, wayar lantarki ce ta ji masa rauni. Babu rigar da za ta hana ko ɗaya daga cikin waɗannan raunuka, amma hakan bai rage mata daraja ba, tunda zuciya da huhu take karewa, kuma karen da ya rasa ƙafa yana iya rayuwa.

Babban abin da ya kamata a auna shi ne zafi, kuma a nan ne ake yawan yin sakaci. Kare ba ya gumi a jikinsa kamar mutum, sai ɗan kaɗan ta tafin ƙafa, don haka da haki yake fitar da zafi. Zafin jikinsa a lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗan ɗoriya a ma'aunin Salshiyas, kuma idan ya haura 41 an shiga haɗarin da zai iya lalata ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa. Riga mai kauri tana riƙe zafi a jiki, tana kuma ƙara nauyi a kan dabbar da ba ta wuce kilo 30 ba, kamar yawancin karnukan Malinois na Beljiyam da rundunoni suka fi so. Akwai wata illar da ba a cika lura da ita ba: karen da ke haki da ƙarfi da baki yake numfashi, sai sansanarsa ta ragu, ya iya wuce nakiyar da aka kawo shi ya gano. Saboda haka ƙa'idar ita ce a sa rigar gab da shiga wurin haɗari, a cire ta da zarar an fito. Mai kula da karen ya riƙa duba harshe da dasashi. Idan harshen ya zazzago ya yi faɗi, miyau ya yi kauri yana naɗewa, ko karen ya fara tangaɗi da jinkirin bin umarni, a tuɓe masa komai nan take, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa mai sanyi, a yi masa fifita, sannan a garzaya da shi wurin likitan dabbobi ko da ya nuna alamar farfaɗowa.

Idan an tabbatar rigar ta dace da aikin, sai a koma kan awo. Ana auna kewayen ƙirji a inda ya fi faɗi, wato bayan ƙafafun gaba kaɗan, da kewayen gindin wuya, da tsawon baya, duk a lokacin da karen ke tsaye. Bayan an ɗaure, yatsu biyu su iya shiga tsakanin maɗaurin da fata. A sa shi ya yi gudu, ya yi tsalle, ya kwanta, a ga ko rigar tana karkacewa gefe ko tana tare kafaɗa, daga bisani a ɗaga ƙafafun gaba a duba hammata, domin nan ne gashi ke fara zubewa fata ta yi ja idan riga tana guga. Kada ranar aiki ta zama ranar farko da kare zai sa riga. A fara da mintuna kaɗan a lokacin wasa ko cin abinci, a riƙa ƙarawa a hankali har ya saba yin dukkan atisayensa a cikinta.

Sauran kayan ba su da sarƙaƙiya sosai. Ɗamara mai ƙarfi da ke da mariƙi a baya kowane karen soja yana bukatarta, da ita ake ɗaga shi kan katanga ko a sauko da shi da igiya daga jirgi mai saukar ungulu. Tabarau suna kare ido daga yashi da ƙurar da farfelar jirgi ke tayarwa. Kunne ma yana bukatar kariya daga ƙarar jirgi da harbi, shi ya sa a 2019 sojojin Amurka suka bayyana wata hula mai laushi da ke lafewa a kan kare ta toshe kunnuwansa. Takalma suna da amfani a kan kwalta mai zafi ko fasassun gilasai, sai dai suna rage kamun ƙafa, kuma masu aikin ceto a ɓaraguzan gini sukan bar karnukansu ba takalma domin su buɗe yatsunsu su riƙe inda suka taka.

A ganina jakar agajin gaggawa ta fi yawancin waɗannan kayan muhimmanci. Ta ƙunshi takunkumi, saboda kare mai rauni yana iya cizon ubangidansa, da bandeji mai tsayar da jini, da ma'aunin zafi. Maɗaurin tsayar da jini da aka yi wa mutane yakan zame daga ƙafar kare saboda yadda take tsukewa zuwa ƙasa, don haka na roba mai miƙewa ya fi kamawa. Kada a ba shi maganin ciwo na mutane irin ibuprofen, domin guba ne a gare shi.

Rigar kanta tana tsufa. Masu ƙera sulke mai laushi, wato na zare irin Kevlar, sukan ba shi wa'adin shekara biyar, kuma danshi da hasken rana suna raunana zaren. A zare sassan sulken da ke ciki kafin a wanke rigar waje, a goge su da ƙyalle mai ɗan laima, a shanya su a inuwa, a ajiye su a shimfiɗe ba a ninke ba. Duk rigar da harsashi ya taɓa samu a daina amfani da ita, ko da ba a ga huji a jikinta ba.