Yadda Ake Ƙarfafa Tsokar Ƙasan Mara

'Yar'uwa, idan kina tari ko atishawa, ko kin ɗaga jarkar ruwa, sai ki ji fitsari ya ɗigo, ba ke kaɗai ba ce. Mata da yawa a unguwannin Agege da Idi-Araba na Legas suna fama da shi, kunya ce ta hana su faɗa. Mai sallah ta san zafin abin: alwala ta karye, ga canjin zani.

Yawanci tsokar ƙasan mara ce ta saki. Ita ke tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura, kamar yadda majanyi ke riƙe goyo. Ciki da haihuwa, ƙiba, taurin bayan gida da ɗaukewar al'ada duk suna sassauta ta. Wani likitan mata ɗan Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana atisayen ƙarfafa ta a 1948, shi ya sa ake kiran atisayen da sunansa.

Fara da gano tsokar, don nan ne aka fi kuskure. Ki yi fitsari tukuna, ki kwanta rigingine, ki lanƙwasa gwiwoyi. Sai ki yi kamar kina riƙe tusa a cikin jama'a, kina kuma riƙe fitsari. Za ki ji gabanki ya matse ya ja sama. Idan cinya ko ɗuwawu ne ke motsi, ba ki kama ba tukuna. Kada ki riƙe numfashi, kada ki yi yunƙuri.

Da kin gano ta, ki matse daƙiƙa 3, ki saki daƙiƙa 3, har sau 10. Sakin ma aiki ne, ki bari ta huta sosai. A hankali ki riƙa ƙarawa har ki kai daƙiƙa 10. Ki yi haka sau 3 a rana. Ni ina ganin ɗaura shi a bayan Asuba, La'asar da Isha'i ya fi hana mantuwa. Idan kin saba, a zaune ma kina yi, ko a cikin motar haya ta danfo cunkoson Oshodi ya tsare ku, ba mai sani. Kuma duk sanda tari ya taso, ki riga shi matsewa.

Kada dai ki mai da tsayar da fitsari a bayi atisaye, yana hana mafitsara juyewa duka.

Ki ba shi wata 3 kafin ki ce bai yi ba. Yana rage ɗigar fitsari, yana taimakawa wajen saukowar mahaifa tun tana farko, wasu ma suna jin bambanci a kwanciyar aure. Abin da ke damuna shi ne kuɗin da ake zubawa a maganin matsi na cusawa, alhali ba ya ƙara wa tsoka ƙarfi, yana iya ma jawo ciwo.

Amma idan fitsari na zuba dare da rana ba tsayawa bayan doguwar naƙuda, wannan alamar yoyon fitsari ce, aikin likita take buƙata. Haka idan kina jin zafi, ko wani abu yana leƙowa ta gabanki. Ki je sashen mata a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke Idi-Araba ko na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) a Ikeja.