Yadda ake tsara rukunin gidaje masu araha da ba sa cin wuta

Yawancin kuɗin wutar da mai gida zai yi ta biya, a kan takardar zane ake yanke shi, tun ba a haƙa tushe ba. Don haka a fara da abin da ba a saye, wato fuskar gini.

A yanki mai zafi, a shimfiɗa titunan rukunin daga gabas zuwa yamma, dogayen bangaye da manyan tagogi su kalli arewa da kudu. Da hantsi da la'asar rana tana ƙasa-ƙasa, tana faɗawa cikin tagar gabas ko ta yamma kai tsaye, babu rufin da zai tare ta. Da tsaka kuwa tana sama, bakin kwanon da ya zarce bango da santimita 60 zuwa 90 ya isa ya yi wa tagar arewa ko ta kudu inuwa a gidan da ba bene ba. Bangon yamma ya fi kowanne shan zafi, yana kuma sakinsa cikin ɗaki bayan faɗuwar rana, daidai lokacin kwanciya. Can ake kai banɗaki da sito da matakala. Inda aka fi yin ɓarna shi ne a bar mai awon fili ya yanka fuloti shi kaɗai, idonsa a kan yawansu kawai. Mai zane ya zauna da shi tun farko, domin gini in ya tashi ba ya juyuwa.

A jera gidaje huɗu zuwa shida manne da juna. An rage bulo, gidan tsakiya kuma bango biyu ne kawai ke shan rana. Amma daga gaba zuwa baya kada ya wuce ɗaki biyu, in ba haka ba iska ba za ta ratsa ba.

Rufi ne ya cancanci a kashe masa kuɗi. A zaɓi farin kwano, ko a shafa masa farin fenti, don ya mai da yawancin hasken rana. A shimfiɗa audugar gilashi, wato abin tare zafi mai kama da auduga, mai kaurin santimita 10 a kan silin, a bar ƙofofin iska masu raga a ƙarshen rufin biyu don zafin da ya taru ya fita. A duba aikin kafin a rufe silin: sau da yawa ana barin giɓi a kusurwa, ko a danne audugar, alhali iskar da ke cikinta ce ke tare zafin. In ta jiƙe ma ta tashi daga aiki.

Tagogi kada su wuce kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na bango, kowane ɗaki ya samu biyu a bangaye daban-daban don iska ta ratsa. Doguwar katanga dab da taga tana kashe wannan dabarar. A ƙasashen sanyi lissafin juyawa yake: ana neman rana ta shigo, a sa gilashi mai ninki biyu, a toshe duk wata kafa.

Kayan wuta su zo a ƙarshe. Kwan LED yana cin kamar kashi ɗaya cikin biyar na abin da tsohon kwan mai zare ke ci. Fankar sama tana jan wat 50 zuwa 75, ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki kuwa wajen wat 1,000, saboda haka kowane ɗaki a yi masa mazaunin fanka. Ko babu kuɗin sola yanzu, a binne bututun waya daga rufi zuwa akwatin wuta, a kuma ba rufin gangaren da bai gaza digiri 10 ba, yadda ruwan sama zai riƙa wanke faifan solar idan an ɗora.