Yadda za ka gano ofishin tarayya da ya dace ka kai buƙatarka daga Sakkwato

A Sakkwato da zarar hanya ta lalace, ko ruwan noman rani ya ƙi zuwa, ko ana neman wa yaro aiki, maganar da ke fara fitowa ita ce: "Ai muna da minista." Sai a haɗa tawaga a nufi Abuja, ko a jira shi ya zo gida sallah a cika masa zaure. Sau da yawa a dawo da kuɗin mota da alkawari, matsalar kuwa tana nan inda aka bar ta. Ba dole ne rowa ko girman kai ba. Galibi ba a hannunsa abin yake ba. Ga yadda za ka bi gwamnatin tarayya daki-daki har ka iske wanda fayil ɗinka zai kwana a teburinsa.

Da farko, tabbatar abin na tarayya ne

Tsarin mulkin 1999 ya ware wa gwamnatin tarayya wasu abubuwa ita kaɗai: tsaro, 'yan sanda, kwastam, shige da fice, kuɗin ƙasa, sufurin jiragen sama, ma'adinai da hulɗa da ƙasashen waje. Wasu kuma, kamar ilimi da noma, ana tarayya a kansu da jihohi. Saboda haka kada girman gini ya ruɗe ka, tambayi wanda ke biyan albashin ma'aikatan wurin. Jami'ar Usmanu Danfodiyo da asibitin koyarwarta, da asibitin masu taɓin hankali na Kware, da filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, da bakin iyakar Illela, duk na tarayya ne. Firamaren unguwarku da asibitin ƙaramar hukumarku ba nata ba ne, maganarsu tana wajen jiha da ƙananan hukumomi 23 da muke da su. Wanda ya kai kukan firamare Abuja ya yi asarar man mota.

Na biyu, ma'aikata ce ko hukumar da ke ƙarƙashinta

A nan mutane suka fi ɓacewa. Ma'aikata tana tsara manufa ne, ta nemi kuɗi, ta sa ido. Aikin da kake gani da idonka kuwa yawanci hukuma ce ke yin sa, mai shugabanta da kasafinta da ma'aikatanta.

Ɗauki manomin rani da ke ƙasan madatsar ruwa ta Goronyo. Wadda ke kula da madatsar ita ce hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, hedikwatarta kuma a cikin garin Sakkwato take, ita kuma tana ƙarƙashin ma'aikatar albarkatun ruwa. Ke nan ƙofarsa ta farko ba ta wuce kuɗin kabu-kabu ba. Haka ɗan kasuwar da ke shigo da kaya ta Illela: kwastam na ƙarƙashin ma'aikatar kuɗi, amma fasfo da hukumar shige da fice na ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. Kaki biyu a bakin iyaka ɗaya, iyayen gida daban. Hanyar tarayya kuwa akwai kwanturolan ayyuka a kowace jiha, shi ne idon ma'aikatar ayyuka.

Hukumomin nan suna da yawan gaske. Kwamitin Stephen Oronsaye da ya miƙa rahotonsa a 2012 ya ƙidaya 541, ya ba da shawarar a haɗe wasu a soke wasu. Su kansu ma'aikatun ba a rubuta adadinsu a tsarin mulki ba, shugaban ƙasa ne ke ƙirƙira ko haɗewa yadda ya ga ya dace. Shi ya sa ma'aikatar bunƙasa kiwon dabbobi ba ta wanzu ba sai 2024, kuma a shekarar aka soke ta wasanni aka mayar da aikinta ga hukuma. Kafin ka rubuta adireshi, bincika sunan da ma'aikatar ke amsawa yau.

Na uku, fahimci abin da minista yake da abin da ba shi ba

Sashe na 147 na tsarin mulki ya ce shugaban ƙasa ya naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha, ɗan asalin jihar. Daga nan mutane suka ɗauka cewa minista wakilin jiharsa ne. Jiha ce ta ba shi kujerar, amma aikin da aka ba shi na ƙasa baki ɗaya ne, kuma ga shugaban ƙasa yake amsa tambaya, shi ke iya sauya masa wuri ko ya sallame shi ba tare da neman izinin kowa ba.

Hanyar naɗin ga ta. Shugaban ƙasa ya zaɓi sunaye, jami'an tsaro su bincika, a aika wa majalisar dattawa ta tantance. Dole mutum ya cika sharuɗɗan tsayawa takarar majalisar wakilai. Idan ɗan majalisa ne aka ɗauko, da ya yi rantsuwa ya rasa kujerarsa, ba kamar Ingila ba inda minista ke zama ɗan majalisa. Sai ya bayyana kadarorinsa ga hukumar ɗa'ar ma'aikata kafin ya kama aiki. Abin da ke ba ni takaici a tsarin shi ne, bisa al'ada ana aika sunayen ba tare da an faɗi ma'aikatar da za a ba kowa ba. Sanatoci su yi ta yi wa likita tambaya kan asibiti, gobe a ji an ba shi wani wuri daban. Wasu ma ba a tambayarsu komai, sai a ce su rusuna su wuce don sun taɓa zama 'yan majalisa. Ministan shari'a ne tsarin mulki ya ɗaure da sana'a: sai lauyan da ya shekara goma aƙalla da samun izinin aiki.

A 2015 Muhammadu Buhari ya kama mulki ranar 29 ga Mayu, bai rantsar da ministoci ba sai 11 ga Nuwamba. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya rufe wannan ƙofa, yanzu kwana 60 aka ba shugaba ya aika sunaye. Bola Tinubu ya rantsar da 45 ranar 21 ga Agusta 2023.

Dubi namu na Sakkwato ka ga abin da nake nufi. Aisha Abubakar ta zama ƙaramar ministar masana'antu da ciniki a 2015. Muhammad Maigari Dingyadi ya riƙe harkokin 'yan sanda daga 2019, sannan a ƙarshen 2024 aka ba shi ƙwadago. Bello Muhammad Goronyo ya fara da ƙaramin ministan albarkatun ruwa a 2023, a Oktoban 2024 aka mayar da shi ayyuka. Wanda ya kai masa takardar madatsa bayan wannan sauyi ya makara. Ko marigayi Shehu Shagari, kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979, ya zaga ma'aikatu da dama a jamhuriya ta farko, har ya riƙe kuɗi zamanin Gowon, lokacin da ake kiransu kwamishinonin tarayya. Ministan jiharku zai iya ɗaga waya ya kira abokin aikinsa, wannan alfarma ce mai amfani. Sa hannu a kan kuɗin ma'aikatar da ba tasa ba kuwa ba ya cikin ikonsa.

Na huɗu, nemi babban sakatare da daraktan sashen

Minista baƙo ne a ma'aikata, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Mai ɗakin shi ne babban sakatare. Shi ne ma'aikacin gwamnati mafi girma a wurin, kuma shi ake tuhuma a kan kowane kwabo da aka kashe. A watannin da Buhari ya yi babu ministoci, manyan sakatarori ne suka riƙe ma'aikatun, albashi bai tsaya ba.

Shugaban ƙasa ne ke naɗa su, amma daga cikin daraktoci ake ɗauko su, bayan jarrabawa a rubuce da gwajin kwamfuta da ganawa ido da ido, tare da lura da rabon jihohi. Shekara huɗu suke yi, ana iya sabuntawa sau ɗaya. Shugaban ma'aikatan tarayya, wanda dole ya fito daga cikinsu, ofishinsa ne ke tura su ma'aikatu. Didi Esther Walson-Jack ce ta karɓi wannan kujera a Agustan 2024. Kada ka haɗa wannan da sakataren gwamnatin tarayya, wanda muƙamin siyasa ne, aka ba George Akume a 2023.

Ƙasa da babban sakatare akwai sassa, kowane da daraktansa a matakin albashi na 17, sai masu taimaka masa a na 16 da na 15. Mai digiri yana shiga a na 8, ya hau a hankali ta jarrabawar ƙarin girma. Wani abin mamaki, babu mataki na 11, daga 10 ake tsallakawa 12. Ritaya kuwa shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa.

Tunda maganar ta zo, mai neman aiki ya ji wannan. Manyan ma'aikatan ma'aikatu hukumar kula da ma'aikatan tarayya ce ke ɗaukar su, ƙananan matakai ne ta bar wa ma'aikatun. Hukumomi kuma suna ɗaukar nasu da kansu, hukumar tabbatar da daidaiton rabon muƙamai tana duba ko kowace jiha ta samu kasonta. Takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukumarka tana cikin abubuwan da za a nema, ka tanade ta tun kafin a buɗe shafin ɗaukar aiki. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya ba ka takardar kama aiki, ka riƙe kuɗinka.

Na biyar, rubuta takarda

Gwamnati ba ta jin magana sai a rubuce. Ka rubuta da Turanci, shafi ɗaya, zuwa ga shugaban hukumar, ko zuwa ga minista idan ma'aikata ce, ka nuna sashen da abin ya shafa. Faɗi wurin, da abin da ya faru, da abin da kuke so a yi. Takardar ƙungiya mai rajista, wadda hakimi ko uban ƙasa ya sa wa hannu, ta fi ta mutum ɗaya nauyi. Kai kwafi biyu ofishin karɓar takardu, a buga wa naka hatimi da kwanan wata. Takardar da ka damƙa wa wani hadimi a bakin mota ba ta shiga fayil ba, wadda aka buga wa hatimi kuwa tana da lamba, ana iya bin sawunta daga tebur zuwa tebur.

Na shida, duba ko akwai kuɗin a kasafi

Ko babban sakatare ƙaninka ne, ba zai kashe abin da majalisa ba ta amince da shi ba. Ofishin kasafin kuɗi na tarayya yana sa kasafin kowace shekara a intanet, ma'aikata bayan ma'aikata, aiki bayan aiki. Nemi sunan garinku a ciki. Idan babu, buƙatarku ta koma ta shekara mai zuwa, kuma a nan ne sanatocinmu uku da 'yan majalisar wakilai 11 suka fi minista amfani, don a gabansu ma'aikatu ke kare kasafinsu.

Idan akwai, sai ka san girman aikin. Ƙananan kwangiloli kwamitin ba da kwangila na ma'aikatar ko na hukumar ke yanke su. Manya sai sun bi ta hukumar kula da sayen kayan gwamnati, wadda dokar 2007 ta kafa, sannan minista ya kai takarda gaban majalisar zartarwa ta tarayya, inda shugaban ƙasa ke zama da mataimakinsa da ministoci. Ofishin sakataren gwamnati ne ke tsara takardun da za a tattauna, shi ke rubuta abin da aka yanke. In ka ji a rediyo an ce majalisar zartarwa ta amince da aikin hanya, izini ne aka bayar. Sakin kuɗin mataki ne na daban, yana hannun ma'aikatar kuɗi da ofishin babban akanta.

Idan aka yi maka shiru

Koma da kwafinka mai hatimi ka tambayi teburin da fayil ɗin ya tsaya. Idan bayani kake nema, kamar nawa aka ware ko wa aka ba kwangila, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ofishin gwamnati kwana bakwai ya amsa, ka ambaci dokar a saman takardarka. Idan zalunci ne ko jan ƙafa, hukumar sauraron koke-koken jama'a tana da ofishi a kowace jiha, kuma ba a biyan ko sisi. Bayan ita akwai kwamitin koke-koke na majalisar tarayya, wanda ke iya kiran babban sakatare ko minista ya zo ya yi bayani. Ɗan majalisar mazaɓarku ne zai gabatar da koken a zauren, don haka ka kai masa shi tare da kwafin duk takardun da ka aika a baya, a jere bisa kwanan wata.