Yadda ake shawo kan lalacewar kayan jirgi a tsakiyar teku

Daga Las Palmas a tsibiran Kanari zuwa tsibirin Sen Lusiya a yankin Karibiyan mil 2,700 ne na teku, kuma ƙaramin jirgi mai filafilai kan kwashe kusan mako uku kafin ya ga tudu. Kullum jirgin na tangaɗi, igiya na gugar ƙarfe, dole wani abu ya lalace. Abin kiyayewa shi ne jerin aiki: hana ruwa shiga, tsare jigo (doguwar sandar da ke ɗauke da filafilai), tsare tuƙi. Sauran duk za su iya jira.

Da zarar abu ya ɓaci, rage gudu tukuna. Juya goshin jirgi ya ratsa iska ba tare da ka saki igiyar filafilan gaba ba, ka sassauta babban filafilai, ka ɗaure sitiyari ta ɓangaren iska. Jirgin zai lafa, hannu ya samu damar aiki. Duk mai fita saman jirgi ya sa rigar ceto, ya maƙala igiyarsa.

In ka ga ruwa a ƙasan jirgi, ɗanɗana shi. Mai daɗi galibi daga tankinku na ruwan sha yake, ba abin firgita ba ne. Mai gishiri kuwa teku ce ta shigo. Mutum ɗaya ya kama famfon kwarfar ruwa, ɗaya ya bi duk bututun da ya huda jikin jirgi: na sanyaya inji, na banɗaki, na wurin wanke-wanke, da inda sandar farfela ke fita. Yawanci tiyo ne ya zame ko kilif ya ci tsatsa. Rufe bawul. In bawul ɗin ne ya karye, buga toshiyar katako mai tsini, wadda ya kamata tun a tasha an ɗaure ta kusa da kowane bawul, daidai girmansa. Rami mai faɗin santimita 5, a zurfin santimita 30, yana zuba sama da lita 150 a minti ɗaya. Famfon hannu ba zai ci wannan ba, don haka neman ramin ya fi kwarfar ruwan muhimmanci.

Jigo kuwa wayoyin ƙarfe ne ke riƙe da shi. In ta gefen da iska ke bugowa ta tsinke, nan take juya jirgin ta koma gefen da babu nauyi. In ta gaba ce, ba wa iska baya. In ta baya ce, fuskanci iska. Sannan ka ja igiyar ɗaga filafilai da ba a amfani da ita, ka ɗaure ta a gurbin wayar, ka tamke. Da wuya waya ta tsinke ba gargaɗi: sili ɗaya ke fara ɓallewa a bakin mahaɗi, ko ɗan fil ɗin da ke kulle ƙusa ya fice. Shi ya sa ake zaga jirgi safe da yamma ana dubawa, kuma duk noti ko fil da aka tsinta a ƙasa sai an gano inda ya fito. Igiyar ɗaga filafilai a riƙa gusa ta kaɗan kullum, kada wuri ɗaya ya yi ta cin guga.

In sitiyari ya saki, galibi wayarsa ce ta sauka daga kan gargare. Zura sandar tuƙi ta gaggawa, wadda ya dace an gwada ta kafin tashi, don sau da yawa murfin raminta kan cije da gishiri. In allon tuƙin, wato wanda ke cikin ruwa a bayan jirgi yana juya shi, ne ya tafi baki ɗaya, ja wani abu mai nauyi a bayan jirgi da igiya biyu, dama da hagu. Wadda ka ja, can jirgin zai karkata.

Inji matsalarsa biyu ce. In ya yi zafi kuma ruwa ya daina fita ta salansa, kashe shi, duba matatar ruwan teku, sannan farfelar roba ta famfo. In haƙoranta sun karye, nemo gutsattsarin duka, in ba haka ba za su toshe hanyar ruwa. In kuma yana shaƙewa yana mutuwa, tangaɗi ne ya taso da dattin gindin tanki: canza filtar man dizal, ka fitar da iska daga bututun mai.

Batir mai ruwan asid da ya sauka zuwa bolt 12.2 ya ci rabi. Kashe firji da na'urar da ke tuƙi da kanta, a koma tuƙi da hannu, a bar wutar ga fitilun dare da rediyo. Na'urar tace ruwan teku ma wuta take ci, don haka a ajiye ruwan sha a jarkoki daban, aƙalla lita 3 ga kowane mutum a rana, har da ƙarin kwanaki.