Yadda za a sauya shokazoba da sifirin na a-kori-kura don ta zauna a hanya

Da farko danna bayan motar da ƙarfi ka saki. In ta yi lilo fiye da sau biyu, ko ka ga mai na tsatsafowa a jikin shokazoba, shokazobar ta mutu.

A kasuwar Panteka ta Kaduna ka sayi biyu tare, hagu da dama. Sabuwa gefe ɗaya, tsohuwa ɗaya gefen, motar za ta riƙa karkata a kwana.

Ɗaga motar da jak, ka tokare shasi da ƙarfe mai ƙafa, kar ka shiga ƙarƙashi kana dogara da jak kaɗai. Cire taya, kwance notin sama da na ƙasa, saka sabuwar.

Hilux mai ɗaukar buhunan masara, ƙara mata ganyen sifirin ɗaya a baya, da sabbin yu-bol, wato ƙarafan nan masu siffar U da ke ɗaure ganyayen sifirin. Ganye biyu? Ranar da ba kaya za ta yi ta tsalle kamar akuya.

Kar ka ƙarasa ɗaure notin bushin, wato robar da ke cikin idon shokazoba da na sifirin, sai tayoyi sun taka ƙasa, in ba haka ba robar ta murɗe ta yage da wuri.

In ka taɓa ƙafafun gaba na motar, kai ta alaimen, wato a daidaita mata tayoyi. Bayan tafiyar farko da kaya, ko zuwa Zariya da dawowa, sake matse yu-bol.