Yadda ake gane ƙwaro kafin a sayi maganinsa

A shagunan kayan noma na Garuwa da Marwa a arewacin Kamaru, da Faransanci ake rubuta bayanin yawancin magungunan feshi. Manomi zai zo ya ce ƙwari sun shiga masa gona, mai shago ya miƙa masa abin da hannunsa ya kai, kuɗi su tafi, tsutsa kuma tana nan tana ci. Abin yana damuna, domin kalmomin da ke jikin kwalbar ba su da yawa, kuma jikin ƙwaron kansa yana nuna wacce ta shafe shi.

Mataki na farko, ka kama shi da sassafe kafin rana ta yi zafi, ka sa a kwalba, ka ƙirga ƙafafunsa. Abin da masana ke kira insecte ƙafa shida gare shi, jikinsa kashi uku ne, kai da ƙirji da ciki, yana kuma da ƙahonin ji guda biyu. Fara, sauro, gara, kyankyaso da ƙudan zuma duk suna nan. Gizo-gizo da kunama da babbar kaska ƙafa takwas ne da su, wani dangi ne daban. Kaska da ƙananan 'yan uwanta masu jajayen jiki da ke tsotsar bayan ganyen tumatir su ne acariens, maganinsu acaricide. Ba kowane insecticide, wato maganin ƙwari, ke kashe su ba, makiyayi da mai lambu su kula. Idan tsutsa ce a hannunka, kada yawan ƙafafunta ya ruɗe ka: shida na kusa da kai su ne na ainihi, na baya maƙalai ne kawai.

Na biyu, ka duba ganyen don ka san irin bakinsa. Ganye mai huji ko wanda aka gatsa daga gefe, aikin mai tauna ne, kamar fara da tsutsa. Ganyen da ya nannaɗe, yana danƙo, tururuwa na hawa da sauka, aikin mai tsotsa ne, irin ƙwarin darɓa da ake kira pucerons, ko farin ƙudan nan, mouche blanche. Danƙonsu ne ke ɓata auduga har darajarta ta faɗi wajen awo. Maganin da aka rubuta wa contact sai ya taɓa jikin ƙwaro, wanda aka rubuta wa systémique kuwa yana shiga cikin ruwan shuka, shi ya sa yake kai wa masu tsotsa da ke ɓoye a bayan ganye.

Na uku shi ne wanda aka fi yin asara a kansa: a wane matakin rayuwa ƙwaron yake? Wasu suna bin matakai huɗu. Ƙwai ne da farko, sai tsutsa, wato larve, wadda idan ta malam-buɗe-littafi ce ko danginsa masu tashi da dare ake ce mata chenille. Daga nan sai ta daina ci, ta kwanta cikin kwasfa ba motsi, wannan ne nymphe ko chrysalide. Sai babba mai fiffike ya fito.

Ɗauki tsutsar masara da ta fito daga nahiyar Amurka, aka fara ba da rahotonta a Afirka ta Yamma a 2016. Ana gane ta da alama mai kama da harafin Y a kife a goshinta, da ɗigo huɗu baƙaƙe a jere murabba'i kusa da wutsiya. Uwar tana zuba ƙwai a dunƙule a kan ganye. Lokacin yaƙi da ita shi ne tana ƙarama, tana kankare ganye. Da ta girma ta shige zuciyar masara ko dawa, magani da ƙyar yake kai mata, da ta gangara cikin ƙasa ta kwanta kuwa feshi ɓarnar kuɗi ne. A ganina, zagaya gona sau biyu a mako da murƙushe ƙwai da hannu ya fi feshin makara amfani.

Fara ba ta da matakin kwanciya. Daga ƙwai sai ɗan fara mai kama da uwarsa amma ba fiffike, yana saɓa yana girma. Idan ka ga 'ya'yan fara sun taru suna tafiya tare a ƙasa, wannan ne halin da ake kira grégaire, ka kai rahoto nan take tun ba su tashi ba. Farar da aka yi wa feshi kuma kada a soya ta, kada a kai ta kasuwa.

Na huɗu, ka tabbata ba abokin aikinka kake shirin kashewa ba. Ɗan ƙwaron nan mai zagayayyen baya ja da ɗigo baƙaƙe, coccinelle, shi da tsutsarsa ƙwarin darɓa suke ci. Ƙoƙi-ƙoƙi ma mafarauci ne. In shuka na fure, a jinkirta feshi zuwa yamma saboda ƙudan zuma.

Sannan ka ɗauki kwalbar da ƙwaron ke ciki tare da ganyen da aka ci ka kai wa malamin gona, ko jami'in kamfanin auduga na Kamaru, SODECOTON, na yankinku in gonar auduga ce. Ka gaya masa ranar da ka fara gani da yawan shukar da abin ya taɓa cikin kowace goma.